Wace na'urar GPS ta hannu ta dace da gudun dogon zango a kan tsauni?

Ɗan Kawo: Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambaya ce ga manya. Mutum ne zai yi gudun tsauni na kilomita 60 zuwa 80, irin wanda ake fita da asuba a kai dare, wani sa'in ma a kwana ana tafe. Wuraren su ne duwatsun Kagoro, da Shere a Jos, in an ƙware kuma a haura Mambila. Wace na'urar GPS ta hannu ya kamata ya saya? Ko agogo da waya sun wadatar?

Koci: Wa alaikumus salam. Ƙanena, kafin a kama sunan wata na'ura, fara lissafa awa nawa za ka yi a ƙafa. Kilomita 70 a tsauni mai hawa da gangara tana iya cin awa 15 ko fiye, ninkin abin da za ta ci a kwalta. Dubi manyan gasanni. UTMB da ake zagaye dutsen Mont Blanc daga garin Chamonix na Faransa wajen kilomita 171 ce, hawanta wajen mita 10,000, wa'adinta wajen awa 46 da rabi. Amma can an kafa tutoci a hanya, agogo ya ishi mutum. Spine Race ta Ingila kuwa, kilomita 431 a tsakiyar sanyin Janairu, babu mai kafa maka tuta, shi ya sa GPS ke cikin kayan dole. Namu na nan da ta biyun ya yi kama: burtali, hanyar gona, hanyar masu itace, duk sun sarƙe, kowacce kamar 'yar'uwarta. To ka nemi abu uku: batir da zai wuce awowinka da rara, maɓallai da za ka danna da jiƙaƙƙen hannu, da taswirar yankin da kake ciki.

Ɗan Kawo: Koci, waya fa? Akwai manhajar taswira ta OsmAnd a ciki, kuma taswirar tana aiki ba data.

Injiniya U/Rimi: Waya tana kama taurarin ɗan'adam sarai, ba ta buƙatar sabis ko data kafin ta san inda kake. Matsalarta uku ce. Fuskarta sai an ƙure haske kafin a gani a rana, nan caji ke tafiya. Zufa ko ɗigon ruwa a kan gilashi na sa ta danna abin da ba ka danna ba. Sannan zafin bazara, in ta ɗau zafi a aljihu da kanta take rage haske ko ta tsaya. Kuma ita ce abin kiranka in wani abu ya faru, bai kamata ka ƙarar da ita wajen kallon hanya ba. Sa ta a yanayin jirgi, ka ɗaure a leda, ta zama ta ko-ta-kwana. Ni shawarata GPSMAP 67 ta kamfanin Garmin. Batirin cikinta kamfanin ya ce yana kai awa 180, tana kama siginar taurari a zango biyu maimakon ɗaya, USB-C ne bakin cajinta. An gama magana.

Mai Gyara T/Wada: Injiniya, ba a gama ba ranka ya daɗe. Awa 180 ɗin nan na sabon batir ne, ba a kunna hasken fuska ba. Batirin lithiyom da aka rufe a ciki tsufa yake yi, zafi kuma shi ke hanzarta tsufan, balle in ana barinsa a mota da rana. Ranar da ya gaza, sai an kwance na'urar, in an kwance kuma da wuya robar da ke hana ruwa shiga ta koma daidai. eTrex 32x, ita ma ta Garmin, batir biyu na AA take ci, awa 25 a rubuce. In sun mutu a tsakiyar dutse, ka murɗa zoben baya, ka zare marfi, ka sauya, minti ɗaya ka ci gaba. A garin da wuta ke zuwa yadda ta ga dama, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Koci: Ƙari a kan na Mai Gyara, nauyi. eTrex 32x da batirinta giram 142 ce. GPSMAP 67 giram 230, ga tsawo, ga eriya a tsaye kamar ƙaho. A tafiyar ƙafa ba ka ji. A gudu kuwa, abin da ke aljihun ƙirji yana dukanka sau dubbai, zuwa la'asar wurin ya saɓule.

Injiniya U/Rimi: Na yarda da nauyin. Amma in ka haɗa batir huɗu na ajiya, ai bambancin ya kusa ɓacewa.

Mai Gyara T/Wada: Ya danganta da irin batirin. AA na lithiyom wanda ba a caji giram 15 ne kowanne, alkalin wajen giram 23. Na lithiyom ya fi daɗewa, ba ya jin sanyin Mambila, ba ya zubar da ruwa. Masu caji na NiMH irin Eneloop su ne na atisayen yau da kullum. Wanda za a guje wa shi ne batirin tocila mai arha da ake zubawa a faranti, na kabon da zinki ne, ba ya jure jan wutar GPS, kuma in ya kwana a ciki ya tsiyaye ya cinye ƙarafan. Araha ba ta ado. Abu ɗaya da ake mantawa: cikin saitin na'urar akwai inda ake zaɓar nau'in batir. In ka sa NiMH alhali saitin na kan alkalin, ma'aunin zai yi maka ƙarya, domin NiMH bolt 1.2 yake bayarwa, alkalin 1.5.

Malama Jogurafi: Malamai kun tsaya kan batir, ga babbar matsala can kun bari. Taswira. Waɗannan na'urori da taswirar yankin da aka sayar da su suke zuwa. Wadda aka shigo da ita daga Turai taswirar Garmin mai suna TopoActive ta Turai ce a ciki, ta Amurka ta Amurka. Ka kunna ta a Kagoro sai ka ga fili fetal da manyan tituna biyu ko uku. Akwai TopoActive ta Afirka, sai a tambaya kafin a biya, a kuma shiga jerin taswirori a gani da ido. In babu, a ɗauko taswirar OpenStreetMap da aka shirya don Garmin, kyauta ce. A sami katin memori ƙarami, a goge shi a tsarin FAT32, a buɗe folda mai suna Garmin, a jefa fayil ɗin gmapsupp.img a ciki. Katin a ƙarƙashin batir yake zama, maƙallinsa ɗan siririn ƙarfe ne, a tabbata ya kulle, don in ya goce lokacin sauya batir taswirar ɓacewa take yi gaba ɗaya.

Sai dai kada a ɗora wa taswirar abin da ba ta da shi. Hanyoyin ƙafa da yawa na duwatsunmu ba wanda ya zana su a ciki. Layukan tsayi kuma yawancinsu daga awon SRTM, wanda aka yi daga sararin samaniya a shekarar 2000, aka samo su, wanda ke ɗaukar tsayi ɗaya a duk mita 30 a mafi kyawunsa. Gaɓar dutse mai zurfin mita 10 tana iya ɓuya tsakanin awo biyu, ka ga gangare mai laushi a fuska, ka iske rami a gabanka.

Ɗan Kawo: Malama, na ga wata eTrex SE, an ce awa 168 da AA biyu. Ita fa?

Malama Jogurafi: Gaskiya ne, kuma tana kama taurarin Galileo na Turai da BeiDou na Sin bayan GPS na Amurka da GLONASS na Rasha. Amma ba ta ɗaukar taswirar tsauni, fuskarta baƙi da fari ce. Layi kawai za ka gani da kibiya. Muddin kana kan layin lafiya lau. Ranar da rafi ya cika ya tare hanya kana neman ta inda za ka zagaya, ba abin da za ta nuna maka. Haka eTrex 10, wadda masu harkar filaye suka saba riƙewa, ba ta da wurin kati ma.

Safiyo: Bari in sa baki a maganar zango biyu, tun da Injiniya ya ɗauko ta. Taurarin GPS suna can sama wajen kilomita 20,200, na'ura na buƙatar aƙalla huɗu kafin ta ba ka wuri da tsayi. Tsofaffin na'urori zangon L1 kaɗai suke ji, megahaz 1575.42. Sababbin suna ƙara L5, megahaz 1176.45. Amfanin na biyun a wuri biyu yake. Na farko, a kwazazzabo ko gindin falalen dutse, sigina na bugun dutsen ya dawo kamar amsa-kuwwa, ya iso a makare, na'urar ta ɗauka kana wani wuri. L5 ya fi iya bambance na gaskiya da wanda ya dawo. Na biyu, can saman sararin samaniya akwai wani shimfiɗi mai caji da ke jinkirta sigina, kuma a ƙasashen da ke kusa da tsakiyar duniya irin tamu ya fi tashin hankali bayan magariba. Da zango biyu na'ura ke auna jinkirin ta cire shi. A sarari, mai zango ɗaya kuskurenta mita 3 zuwa 5 ne. A kwazazzabo yana iya haura 20.

Koci: Yallabai Safiyo, kai mai kafa bikon iyakar fili ne, mita ɗaya a wurinka rigima ce har kotu. Mai gudu hanya yake nema. Mita 5 ba ta ɓatar da kowa da rana.

Safiyo: Da rana, haka ne. Da dare a mararraba, hanya biyu sun rabu da ɗan kusurwa kaɗan, sai ka yi mita 100 kafin kibiya ta nuna ka kauce. Amma na yarda ba shi ne abin farko da za a biya wa kuɗi ba. Mai son zango biyun da AA tare, akwai GPSMAP 65s, sai dai awa 16 take yi, nauyinta giram 217. Kowanne da inda yake cizo. Abin da ya fi zangon muhimmanci shi ne inda aka rataya na'urar. Jikin mutum ruwa ne, yana tare sigina. A sa ta a aljihun kafaɗa na sama, kada a cusa ta a ƙasan jaka ko bayan gorar ruwa. Eriyar eTrex shimfiɗaɗɗiya ce, ta fi ji in fuskar na kallon sama. Ta GPSMAP ta fi ji a tsaye. WAAS da EGNOS, tsarin gyara kuskuren sigina, kuma a kashe, na Arewacin Amurka da Turai ne.

Koci: To ga inda mutane suka fi ɓata, ko da na'ura mai tsada. Akwai tirak, akwai rut. Tirak sawu ne, ɗigo-ɗigo ne a jere, na'ura ba ta taɓa shi, yadda ka sa haka za ta nuna. Rut kuwa zanguna ne kaɗan, na'urar ce ke haɗa tsakaninsu. In taswirar mai lissafa hanya ce, sai ta ga ai akwai titi a ƙasa, ta sauko da kai daga doron dutse ta bi da kai kwalta. A tsauni sawu ake bi. Ka sa fayil ɗin sawun, wato GPX, cikin foldar GPX da ke cikin foldar Garmin. eTrex ɗigo 10,000 take riƙewa a sawu ɗaya, in fayil ɗin ya wuce haka ka rage shi a kwamfuta da manhajar BaseCamp, in ba haka ba wutsiyar tana iya yankewa, kuma ba za ka sani ba sai ka je kilomita ta 55 layi ya ƙare.

In hanyar tana gittawa kanta ko je-ka-ka-dawo ce, yanka ta gida uku ko huɗu, kowane yanki ya ƙare a wurin ruwa ko ƙauye, ka sa musu lamba 1, 2, 3. Canza launin sawun zuwa wanda ba ya kama da rafi ko layin tsayi. Girman taswira ka bar shi a mita 80 ko 120 lokacin gudu. In ka ja shi zuwa mita 800, kana iya kaucewa da nisa kana ganin kibiya a kan layi.

Injiniya U/Rimi: Lissafin ɗigon ya shafi abin da take rubutawa ma. In ka ce ta ɗiga duk daƙiƙa ɗaya, 10,000 za su cika cikin awa 2 da minti 46. Duk daƙiƙa 10 kuwa ya kai kusan awa 28. Ko a bar shi a kan na kai-tsaye, a kunna adanawa idan ya cika. Kuma a goge tsohon sawu a daidai wurin tashi. In ba a goge ba, za ka ga wani miƙaƙƙen layi daga ƙofar gidanka a Kaduna har gindin dutsen, ranar da ka nemi ta mayar da kai baya da TracBack, da shi za ta haɗa.

Ɗan Kawo: Mene ne bambancin eTrex 22x da 32x? Na ga kamarsu ɗaya, kuɗin ne ya bambanta.

Safiyo: Kamfas da ma'aunin tsayi. 22x ba ta da su. Ba tare da kamfas ba, na'ura daga motsinka take gane inda ka fuskanta. Ka tsaya cik cikin hazo kana neman gabas, taswirar ta yi ta juyawa. A hawa mai tsanani ma inda kake jan ƙafa a hankali haka take yi. Don haka 32x. A daidaita kamfas ɗin duk lokacin da aka sauya batir, a nesa da mota. A kula da maganaɗisun da ke riƙe bututun ruwa a wasu jakunkunan gudu, yana karkatar da shi.

Ma'aunin tsayin da nauyin iska yake aiki, duk hawan mita 8 ko kusa da haka nauyin na raguwa da miliba ɗaya, wato awon nauyin iska. To hadari ma yana canza nauyin iska. Kana zaune wuri ɗaya, hadarin damina ya haɗo, ta ce ka hau mita 20 ko 30. Maganinsa a gyara ta a inda aka san tsayinsa: ƙololuwar Shere mita 1,829, Chappal Waddi a Gashaka-Gumti mita 2,419, nan ne mafi tsayi a Najeriya. Da hunturu ƙura na toshe ɗan ramin da iska ke shiga. A ɗauraye da ruwa, kada a tsokana da allura, akwai siririyar fata a ciki.

Malama Jogurafi: Yallabai, ka manta da abin da ya fi zama naka: Minna.

Safiyo: Allah ya ba ki haƙuri Malama. Tsofaffin taswirorin takarda na ƙasar nan a kan ma'aunin Minna aka zana su, GPS kuwa ma'aunin WGS 84 take amfani da shi. Lamba ɗaya a ma'aunan biyu wuri biyu ne daban, tazarar gomman mitoci. Mai haɗa takarda da na'ura ya saita su su zama iri ɗaya. In za a tura wa wani wurin da ake, a bar ta a WGS 84, a kuma yarda tun a gida da salon lamba ɗaya. Digiri mai ɗigo daban, digiri da minti daban. Wanda ya karanta 10.30 a matsayin digiri 10 da minti 30 ya kauce da fiye da kilomita 20. 

Admin: Malamai, a taɓa maganar tsaro, don ba a Turai muke ba.

Koci: Ranka ya daɗe, ita ce gaba da komai. Na'ura tana nuna hanya, ba ta nuna wanda ke kan hanyar. Kafin a zana sawu a kwamfuta, a je a gaida mai gari, a tambayi mafarauta da 'yan sintiri wane ɓangare ake shiga, wane ba a shiga a wannan makon. Matambayi ba ya ɓata. A ɗauki ɗan jagora, kada a fita mutum ɗaya, gudun dare kuma sai inda mutanen wurin suka ce babu komai. Gashaka-Gumti gandun daji ne na gwamnatin tarayya, da izini da jami'an gandun ake shiga. A shingen jami'an tsaro, GPSMAP da eriyarta kama take da oba-oba, a fito da ita da kai a yi bayani, katin shaida na hannu.

Injiniya U/Rimi: Sabis ma ba abin dogaro ba ne a bayan dutse, kuma kowa ya tuna 2021 da aka rufe layukan waya a wasu sassan jihar Kaduna. Wannan ne amfanin na'urar aika saƙo ta Garmin, inReach Mini 2: giram 100, tana tura saƙo ta taurarin Iridium, batirinta na kai kwana 14 in tana aika wuri duk minti 10. Kuɗin wata ake biya, in ba a biya ba maɓallin SOS ɗin ado ne. Shi ma SOS ɗin cibiyar kamfanin yake zuwa a ƙasar waje, su nemi hukumomin nan. Wanda zai fi saurin isowa shi ne ɗan'uwanka da ke gindin dutsen da mashin, don haka lambarsa za a fara sawa. A kuma nemi sanin matsayin jami'an yankin kan kayan sadarwar tauraro, a 2013 sojoji sun haramta wayar tauraro ta Thuraya a Borno. Sannan kada a riƙa baza sawu a manhajar Strava kowa na gani, da ranar da lokacin fita. A 2018 taswirar masu motsa jiki ta Strava har sansanonin soja ta tona.

Ɗan Kawo: Na gode ƙwarai. In ta hannu zan saya, me zan duba?

Mai Gyara T/Wada: Je da batirinka. Buɗe baya ka haska: fari ko koren gari a kan ƙarafa alamar batir ya taɓa zubewa ne, bar ta. Duba robar da ta zagaye marfin, da murfin bakin USB. IPX7 da aka rubuta, wato mita ɗaya a ruwa na minti 30, da lafiyar robar nan ya dogara. A eTrex robar maɓallan gefe ita ke fara tsagewa, danna kowanne sau goma. Ƙaramin sandan sarrafawa da ke gaban na'urar ka tura shi ɓangare huɗu ka danna tsakiya. Fita waje ka buɗe shafin taurari. In ta daɗe a kashe ko daga wata ƙasa ta zo, ba ta minti 15 a sarari, don cikakken jadawalin taurarin minti 12 da rabi yake ɗauka kafin ya sauka. Duba kwanan wata, wasu tsofaffin sun rikice tun Afrilun 2019 da lissafin makonnin GPS ya koma sifili. Daga nan ka kai ta filin tsere na mita 400, zagaye 10 a layin ciki, ka ga ko ta ba ka kusa da kilomita 4.

Koci: Kuma ƙaramin sandan nan yana dannuwa da kansa a aljihu, ka dawo ka tarar da alamomi hamsin da ba kai ka sa ba. Juya fuskar ta kalli waje, kada ta jingina da gora. Ɗaure ta da igiya a madaurin jaka, mai tsawon da zai kai ta gaban idonka kawai.

Ɗan Kawo: Kebul ɗin wayata zai yi mata?

Mai Gyara T/Wada: A'a. 32x mini USB ce, mai kaurin baki irin na tsofaffin kyamarori, kuma ka nemi mai ɗaukar fayil, don wasu caji kaɗai suke yi, kwamfuta ba za ta ga na'urar ba. Ba ta cajin batirin da ke cikinta, NiMH sai da cajarsu daban. In an dawo daga dutse a cire batir, a goge gishirin zufa da ɗanyen ƙyalle, a bar marfin a buɗe ya sha iska zuwa safe.